Gidan da Ba a Dasa Itace

Gidanmu ne kaɗai ba itace a duk unguwarmu. Wanda ya hau dutsen da ke bayanmu ya dubo ƙasa zai ga bedi, wato dogon yaro, da mangwaro sun lulluɓe gidaje, kore shar, sai wuri guda fari fat kamar sanƙo. To, sanƙon nan mu ne. A cikinsa aka haife ni, a cikinsa na yi wayo, da aurena ya mutu kuma nan na dawo da 'yata, na ci gaba da koyarwa a lakwal ina kula da Inna.

Babana mutumin Dumega ne. Ya zo Dogon Dutsi da ƙuruciyarsa yana aikin gini, yana gina wa mutane ɗakuna shi ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa. Wani dattijo na Matankari da ke da fili a gindin dutse ya ce masa ya gina ya zauna. Ba saye, ba haya, ba takarda. Aro ne, kuma ƙa'idar aro a ƙasarmu sananniya ce. Ka yi ɗakin ƙasa, ka yi rumbu, ka ɗaure akuyarka, amma ba ka dasa itace, ba ka haƙa rijiya, domin wanda ya dasa itace cewa yake yi ƙasar tasa ce. Duk kaka kuma za ka kai wa mai wuri damen hatsi, ba don ya ƙoshi ba, don dai kada a manta wane ne mai wuri. Muddin kana kiyaye wannan, shi ma kunya ba za ta bar shi ya tashe ka ba.

Da damina jemagu kan yar mana da 'ya'yan bedi a tsakar gida, su tsiro bayan ruwa biyu. Baba kan zagaya da safe kafin ya fita aiki, yana tsugunawa yana tuge su ɗaya bayan ɗaya. Na sha roƙonsa ya bar ko guda, domin da bazara tsakar gidanmu ba ta takuwa sai da takalmi.

"Bari, ɗiyata," yake ce mini. "Inuwa da daɗi, amma ɗaki ya hi ta."

Mutanen da suka kafa unguwar tare da Baba sun san wannan duka. Sai dai wasu suka mutu, wasu suka sayar suka tashi, baƙi suka maye gurbinsu. Waɗannan suka ga gida ba itace, suka nemo masa dalili da kansu. A nan ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi kuwa ba a rasa iskar da za a ɗora wa abin da ba a gane ba. Aka ce doguwa ce zaune a gidan magini, duk abin da aka dasa sai ta ƙone shi. Baba ya ji, bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai dai "Allah shi kyauta." Ina yarinya abin yana ba ni kunya, domin akwai yaran da ba a bari su ci abincin gidanmu. Sai da na girma na gane lissafin Baba: gara a ji tsoron gidanka da a yi sha'awarsa.

Baba ya rasu, dattijon Matankari ma ya rasu. Saura matarsa, wadda muke kira Iya, da Inna. Ni na gaji Baba wajen kai damen. Duk kaka 'yan uwanmu na Dumega kan aiko mana da shi, in ɗaura a bayan kabu-kabu in kai wa Iya, ta sa mini albarka, in sha fura in dawo. A tsakanin tsofaffin nan biyu gidanmu yake rataye, kuma ban taɓa kwana ban san da haka ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Shekarun nan garin ya canza a gaban idona. Mutanen ƙauyukan da barci ya yi wa wuya saboda rashin tsaro suka shigo da iyalansu. Ma'aikata suka ƙaru, 'yan kasuwa suka gane gini ya fi ajiye kuɗi a ɗaki. Gonakin da muke ratsawa muna yara aka yanka su fili-fili, aka kakkafa duwatsun iyaka. Wurin da a da ake ba mutum don Allah, yanzu 'yan uwa na ciki ɗaya suna kai juna gaban alƙali a kansa. Wata abokiyar aikina ta daɗe a gidan haya har ana kiran gidan da sunanta, rana ɗaya aka ce an sayar. Na haɗu da ita a hanya tana bin amalanken jaki, katifarta a sama, tukwane suna ƙara. Ta yi mini murmushi ta ce "Sai haƙuri, Madan." Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Dillalan gidaje kuma suka fito da wata sabuwar ɗabi'a. Idan sun kawo baƙo ganin gida, kafin a duba rufi ko famfo, sai ka ga an ɗaga waya sama ana juyi da ita kamar masu neman jinjirin wata. Rezo ake nema, wato sabis ɗin waya. Gidan da saƙo ke shiga da sauri ya fi mai ɗakuna da yawa daraja. Mu kuwa dutse ya tokare mu, rezo ba ya sauko mana sai ya ga dama. Dillali ya shigo unguwarmu da baƙonsa, ya ɗaga waya, ya yi tsaki, su hau babur su yi gaba. Na sha ganin haka ina dariya, ban taɓa kawowa a raina cewa wannan tsakin ne ke tsare mana gida ba.

Abin da ke gabana daban ne. 'Yata ta tafi karatu Yamai, kuma ita kaɗai gare ni. In ta kira, muryarta guntu-guntu take zuwa. In ji "Mama, jiya na…" sai shiru, in wuni ina ƙarasa maganar da munanan abubuwa. In ina son jin saƙonta sai na hau dutse da gwiwoyin nan nawa, in tarar da matan da mazajensu suka tafi cin rani zaune a kan duwatsu, kowace ta ɗaga waya. Saboda haka da Majo ya kira taron unguwa, ni ce a gaba. Majo babban ma'aikacin jinya ne, baƙo daga gabas, bai daɗe da sayen gida kusa da mu ba, mutum mai son gyara abin da ya lalace ko ba a sa shi ba. Aka yi kwamiti, aka yi ta zarya ofis-ofis ana roƙon a kafa mana eriya, ana ce mana mu ƙara haƙuri. Duk inda aka je bakina ya fi na kowa tsawo. Har na taɓa ce wa wani mai ofis ya zo ya hau dutsenmu da takalminsa mai sheƙi ya ji abin da muke ji.

Da muka gaji, sai Majo ya zo da labarin wani faranti da ke ɗauko rezo daga sama kai tsaye, a rarraba wa unguwa. Kowa ya kawo abin da ya samu, 'yan kasuwa da malaman lakwal da matar fasto ta cocin da ke kwana, har matan masu cin rani. Inna tana jina ina ta zuba a gida, ita dai ba ta ce komai ba sai sau ɗaya.

"Ke dai ki rage baki. Wurin da ba a kallo, ba a kiran mutane su kalle shi."

Na ce mata tsufa ne.

Mai haɗa farantin ya zo daga Doso wata safiya. Muka bi shi gida-gida, yana ɗaga waya yana duban sama. Ko'ina sai ya girgiza kai, ya ce itace ya tare. Aka ce a kai kan dutse, ya ce ba wuta a can, ba mai gadi, kwana biyu ba za a yi ba za a sace. Muna tafe har muka iso ƙofarmu. Ya shiga, ya tsaya a tsakiyar gida, ya juya sau ɗaya, fuskarsa ta washe.

"Nan ne! Sama a buɗe take tas. Kamar don aikin nan aka bar wurin."

Na ce a ɗora a kan rufi mana. Ya dubi rufin ƙasarmu ya ce iskar farkon damina za ta yi gaba da shi. Sai dai a haƙa rami mai zurfi a tsakar gida, a kafa dogon ƙarfe, a zuba siminti. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ban taya su ba. Rami, ƙarfe, siminti, a ƙasar da ubana bai bar ko tsiron bedi ya kwana ba. Inna tana zaune a ƙarƙashin rumfar kara tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce:

"Ba a dasa komi gidan ga."

Guɗa ta tsaya. Na ji wata a bayana ta raɗa, "Doguwa." Majo ya yi dariya irin ta mutanen asibiti, amma ya ga ba wanda ya taya shi. Duka suka juyo suna dubana. Ni da nake tsayawa gaban yara ina gaya musu sauro ke kawo zazzaɓi, ba iska ba, sai na sunkuyar da kai na ce, "Kun dai ji." Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na zaci za su yi fushi, su nemi wani wuri. Da sun yi fushin da na ji daɗi. Tausayina suka ji. Matan unguwa suka riƙa shigowa suna gaishe da Inna da murya ƙasa-ƙasa, suna ce mini, "Madan, kada ki damu, abin ga na da magani." Ban tambayi wane magani ba, tsoro ya hana ni tunani. Farantin yana ajiye a kwalinsa a gidan Majo, ni kuma ina ta addu'a wani ya sare mangwaronsa a huta. Ba wanda ya sare. Wa zai sare itacen da ya raina da hannunsa alhali ga gida can fili fetal?

Ashe sun yi shawara a bayana, don kada su tayar mini da hankali. Suka ce tun da iska ce, a nemo wanda ya san yaren iska. Duk Arewa kuwa in ana maganar masu sanin iskoki, Matankari ake nufa.

Na taso daga lakwal da tsakar rana na tarar da gidanmu cike. An ɗaure baƙar akuya a jikin turken rumfa, mai goge yana zaune yana gyara tsirkiya. A bakin ƙofa wani dillali da na sani ya jingina da baburinsa, ya zo kallo. Inna tana ƙofar ɗaki, fuskarta kamar an yi mata mutuwa. A tsakiyar gida ga wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, 'yar bori, tana zagayawa da sanda tana leƙa kusurwoyi. Ta leƙa bayan rumbu, ta leƙa makewayi, ta dawo tana taɓe baki. Aka ce mata ga mai gidan nan ta dawo. Ta matso ta ƙura mini ido, sai na ga ta gane ni, ni ma a lokacin na gane ta. Na sha wuce ta zaune a ƙofar gidan da ke jikin na Iya.

"Ke! Ba ke ta ba, mai kawo dame duk kaka gidan maƙwabciyata?"

Na ce, "Ni ce."

Ta tafa hannu ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ashe nan na wurin da marigayi yab ba magini aro! Kai, ku kwance akuyarku, ku mai da ta gida. Babu doguwa nan, ko ɗiyar doguwa babu. Gidan aro na, shi as sa ba a dasa ba. Ku duka ba wanda yas san aro?"

Ba da mugunta ta faɗa ba. Murna ma take ta rage musu asarar akuya. Amma da ta tuɓe mini zane a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi. Ban dubi kowa ba sai dillalin nan, na ga ya miƙe daga jikin baburinsa, idonsa ya bi katangarmu daga wannan kusurwa zuwa waccan, a hankali, kamar mahauci yana duban sa. Inna ta shige ɗaki ta saki labule.

Majo ya matso yana murmushi, shi a ganinsa an warware matsala.

"Haba Madan, me ya sa ba ki faɗa ba tun farko? Ai abu ne mai sauƙi. Sai a nemi izinin masu gidan."

Na ce, "Majo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai takardarka tana cikin akwati, shi ya sa komai yake maka sauƙi." Ni ma na ji ban kyauta ba, amma ban janye ba.

Daga ranar barcina ya ƙaura. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai na leƙa kafin in amsa. In babur ya tsaya a waje sai in kasa kunne in ji ko zai wuce. A aji ina rubutu a allo sai in tsaya, in manta abin da nake rubutawa, ina lissafin inda zan kai Inna. Dumega? Ta bar can tun tana amarya, ɗakin da aka haife ta a ciki ya zama gona. Haya? Da albashin malamar lakwal, a garin da masu shago ma suke kuka? Inna ta san kowane tudu da kwari na tsakar gidan nan da tafin ƙafarta, idonta ya yi rauni amma ba ta taɓa tuntuɓe. In aka kai ta wani wuri, zama za ta yi a ɗaki har ta mutu, na san wannan.

Ranar kasuwa na haɗu da dillalin. Bai taɓa gaishe ni da fiye da ɗaga hannu ba, ranar har da rusunawa.

"Madan, ina wuni? Ya jikin tsohuwa ta Matankari? An ce ta ɗan kwanta."

Ni ban ma san ta kwanta ba. Shi ya sani.

Washegari na hau kabu-kabu, ba kaka ba, ba dame, sai goro da sukari a leda. Na tarar da Iya kwance a tabarma, ta ƙanƙance, hannunta kamar kara. Ta riƙe yatsuna ta ce, "Ɗiyar magini, lahiya da rani haka?" Na gaya mata komai, har da 'yar borin. Ta yi 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Maganar mai gidana na nan inda yab bar ta. Ubanki bai ci amana ba. In dai ina lumhwashi, ba mai tashin ku."

Na yi godiya. Sai na samu kaina ina sauraren numfashin nata, yana fita da ƙyar, yana tsayawa, yana dawowa. Na ji kunyar kaina, na ji tsoro ya fi kunyar.

Na tambaye ta maganar ƙarfen. Ta ce ita itace ta sani da rijiya, ba ta san hukuncin ƙarfe ba, in tambayi jikanta, shi ke riƙe da al'amuran gida yanzu. Jikan ɗan kasuwa ne, yana Yamai yana gida, kuma ranar yana nan. Labari ya riga ni isowa. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi, ya gaishe ni da ladabi har ƙasa. A hanya na shirya yadda zan karɓi faɗansa. So nake ya ɗaure fuska, ya ce ba a taɓa yi ba, ba kuma za a fara ba. Da ya faɗi haka da na koma gida da sanyin zuciya, domin wanda ya hana ka dasa, ya yarda ke nan tsohuwar magana tana nan da ranta, tana ɗaure da kai tana ɗaure da shi.

Sai ya yi murmushi.

"Tanti, ku kafa mana! Ai ci gaba ne, gidan ma zai ƙara daraja. Waɗannan al'adu na da ne, yanzu takarda ke magana. Ko mangwaro kike so ki dasa, ki dasa abinki. Damen nan ma ki daina wahalar da kanki, wallahi. Sa sufi, ya isa haka."

Ruwan da ke hannuna na ajiye. Bai ji tsoron itacenmu ba, domin ya san itace ba zai ƙara ba mu komai ba. Bai son damenmu, domin dame shi ne igiyar da ke tsakaninmu, kuma mai karɓar dame ba ya iya kallon idonka ya ce ka tashi. A cikin ladabi da ruwan sanyi ya kwance igiyar ya miƙo mini. Na yi masa godiya, har da sa albarka. Me zan ce?

A gida na gaya wa Inna rabin magana, na ce sun yarda a kafa. Ta ɗaga hannu sama.

"Ɗiyan halas! Na san jinin marigayi ba shi ɓaci."

Aka haƙa ramin, aka kafa ƙarfen, aka zuba siminti. Ina tsaye ina kallo, kowane shebur kamar a cikina ake zuba shi. Ba zan yi ƙarya ba, da aka kunna abin na ga fuskar 'yata tar a waya, har da ɗan ƙurjin da ya fito mata a goshi, ta yi magana tun daga farko har ƙarshe ba ta yanke ba, na yi kuka na daɗi. Matan masu cin rani suka daina hawan dutse. Samari suka jeru a jikin katangarmu, wata ta kafa kaskon ƙosai a kwana. Kowa ya gan ni sai ya yi mini godiya.

Ba a daɗe ba dillalai suka dawo da baƙinsu. Yanzu in sun ɗaga waya ba sa tsaki. Wata maƙwabciyarmu da ta sayar da tunkiyarta don a sayo farantin, mai gidan hayarta ya ƙara mata kuɗi, ta kwashe 'ya'yanta ta koma bayan gari inda ko kira ba ya shiga. Majo ya zo ya zauna a ƙofarmu ranar da ta tashi, ya ce shi ba haka ya nufa ba. Na ce na sani.

Da kaka ta yi na kai damen duk da haka. Na zaɓi lokacin da mutane ke zaune a ƙofar gida, na sauke shi a gabansu da ƙarfi don kowa ya gani. Jikan ba ya nan, Iya tana barci, ba a tashe ta ba. Matan gidan suka karɓa suna duban juna. Kafin in fita na hango wata ta ja shi ta kai wa tumaki.

Wata Asabar da hantsi ina wanki, Inna tana rumfa, wayata ta yi ƙara. Jikan ne, kiran da ake ganin fuska. Bai taɓa kirana ba. Abin da ya fara zo mini shi ne Iya ta cika, na share kumfa a zanena na ɗauka da bismilla. Yana zaune a cikin mota, fuskarsa fes.

"Tanti, ina kwana? Kai, rezonku ya fi namu na Yamai! Iya na nan da sauƙi, tana gaishe ku. Don Allah ɗan juya wayar in ga gida, na daɗe ban gan shi ba."

Bai taɓa taka gidan ba tun da aka haife shi. Na juya wayar. Na nuna masa rumfa, na nuna rumbu, na nuna ƙarfen. A raina ina roƙon Allah hoton ya daskare, muryar ta kakkarye, kamar yadda ta yi mini shekara da shekaru ina zagi. Ko gezau bai yi ba.

Inna ta ji muryar namiji ta ce wane ne. Na ce jikan Iya ne. Nan da nan ta miƙe, ta gyara kallabinta, ta matso tana laluben fuskar wayar da ido.

"Ɗana, kai na? Allah shi yi ma albarka, Allah shi jiƙan kakanka. Ka ga gidanku, mun riƙe shi da kyau. Ke, gwada mishi yaɓen da munka yi bana. Gwada mishi katangar gabas, shi ga ba ta tsage ba."

Ya amsa da amin, amin, Inna. Na bi katangar gabas da wayar. Sai na ji wata murya a gefensa, ta wani da ba na gani, tana magana ƙasa-ƙasa amma rezo ya kawo mini ita tsaf:

"Ɗakunan duk rushewa za a yi, filin ne ke da kyau. Ce mata ta nuna bakin titi."

Na danne bakin wayar da babban yatsana. Inna ta karkato kunne.

"Mi yac ce?"

"Cewa ya yi gida ya yi kyau, Inna."

Ta yi murmushin da na daɗe ban gani a fuskarta ba.

"To kai shi ɗakin babanki, shi ga azarar da yas sa da hannunai. Har yau ko gara ba ta taɓa ta ba."

Ta wuce gaba tana ɗage mini labule, na bi ta da wayar a ɗage.